Kira Uku Bayan La'asar

Da sunan Allah Mai ji, wanda babu muryar da take yi masa nisa.

Akwai wata ƙara da na tsufa tare da ita. Idan ka kunna na'urar rediyo irin tamu, wadda ake saurare da ita kuma ake magana da ita, abin da za ka fara ji kafin kowa ya buɗe baki shi ne shuuu, kamar ruwan sama ya taso daga duwatsun gabas bai iso kan kwanonka ba tukuna. Baƙo yakan ɗauka na'urar ce ta lalace. Mu kuwa a cikin wannan shuuu ɗin muke neman mutane. Za ka riƙa murɗa maɓalli a hankali, kana kasa kunne, sai can ka ji wata siririyar murya ta ɗago kai, ta nutse, ta sake ɗagowa. Wani bawan Allah ne a wani gari da ba ka taɓa takawa ba, zaune a ɗakinsa kamar yadda kake zaune a naka, yana tambaya ko akwai mai jin sa. Ba albashi ake ba mu ba, mu kuma ba gidan rediyo ba ne. Sha'awa ce kawai, da lasisin hukuma, da waya da mutum ya ɗaura da hannunsa tsakanin bishiya da gora.

Mu bakwai ne a da a wannan yanki, muna haɗuwa a iska kowace Lahadi bayan la'asar, kowa daga ɗakinsa. Muna da wata al'ada da muka gada. Idan ɗayanmu ya rasu, ranar Lahadin da ta biyo baya wanda ya fi kusa da shi zai kira lambarsa ta iska, wadda hukuma ke ba kowane mai lasisi, sau uku, yana barin shiru a tsakani kamar mai jiran amsa. Bayan kira na uku sai wani daga wata na'urar ya ce, "Mun saurara tare da kai, bai amsa ba." Sai mai kiran ya rufe, daga nan ba a ƙara kiran wannan lamba. Abin na mutum biyu ne, mai kira da mai shaida. In babu mai shaida ba a rufe ba, tsoho ne kawai yake magana shi kaɗai. A shekarun nan da muka rage mu biyu, ni da abokina Zira, tunanin da ya zauna mini a ƙirji ke nan: wanda ya riga tafiya zai sami mai kira babu mai shaida, wanda ya rage kuwa ko mai kiran ba zai samu ba.

Amma bari in koma farko. Mubin da na tashi a ciki gari ne da ake jin komai. Da sassafe ka ji taɓarya tana amsa taɓarya daga gida zuwa gida, da hantsi kukan shanu masu wucewa kasuwa, in motar kaya ta shigo daga hanyar Yola kuwa gari duka ya san ta iso. Yanzu janareta da keke-napep da lasifikar masu sayar da magani sun cika kunne, mutum yana ihu a waya da wanda ke Legas bai ji sallamar wanda ke gabansa ba. Aikina a gida shi ne in yanko wa awaki ciyawa a bakin mayo, wato rafi, in wanke alluna, in kankaro baƙin tukunya a haɗa da ƙaro a yi tawada. Mahaifina malami ne, a zaurensa na koyi harafi, kuma ajami ne rubutun da hannuna ya sani har yau. Bayan gidanmu akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Kamwe, Kirista, wanda ya yi aiki a gidan waya har ya yi ritaya, gari yana ce masa Baba Tangarahu. Shi ne mahaifin Zira. Ya ja wata doguwar waya daga tsamiyar ƙofar gidansa zuwa kan gora, ta sauko ta taga ta shige ɗakinsa. Mata masu zuwa ɗebo ruwa sukan kauce wa tagar, wai da aljanu yake hira.

Da labari ya kai wa mahaifina cewa an gan ni ina leƙe a wannan taga, bai dake ni ba. Ya ɗauki sandarsa ya ce zai je ya ji aljanun da kunnensa. Baba Tangarahu ya shimfiɗa masa tabarma, ya yi ta murɗa na'ura, sai ga wata murya daga can ƙasar Sudan tana sallama da Larabci tsantsa. Kafin mahaifina ya ankara ya amsa, har da gyara zama. Baba ya yi dariya sai da ya sarƙe.

"Modibbo, bai ji ka ba. Sai an danna wannan tukuna."

"To danna mana. Ai ba a barin sallama a ƙasa."

Ya danna masa, suka gaisa da mutumin Sudan, mahaifina yana riƙe da makirfo da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. A hanyar komawa gida ya ce in riƙa zuwa, da sharaɗi ɗaya, kada na'ura ta ci mini salla. Saboda wannan sharaɗin ne Baba ya matsar da zaman Lahadi zuwa bayan la'asar, lokacin su sun daɗe da dawowa daga coci, mu kuma mun sallame. Haka ya zauna har yau.

Baba yana da dokarsa. Sabon shiga ba ya taɓa makirfo sai ya yi saurare daga damina zuwa damina. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, ba ruwanta da namiji ko mace, amma abin da zai faɗa ba ya ɓata. "Iska ba naka kaɗai ba ne," yakan ce. "Wani yana ciki, muryansa ƙarami. In ka yi magana a kansa ka binne shi." Don haka muka zauna ni da Zira, sa'annin juna, a kan buhu ɗaya, muna ji. Muka koyi bambanta tsawa mai nisa da ta kusa daga yadda take tsatsagewa a cikin na'ura. Muka gane wasu ƙasashe da safe ake samun su, wasu sai rana ta karkata. Mu ne share ɗaki, mu ne kai batir wurin caji a kan keke, mu ne hawa tsamiya idan iskar hadari ta tsinka waya, yana ƙasa yana nuna mana reshe da sanda. Ƙanshin dalma idan yana narka ta, da ƙanshin kwalaben lantarki da ke cikin na'urar idan sun ɗau zafi, har yanzu in na ji makamancinsu sai in ga ɗakin nan a idona. Ni aka ba aikin rubuta waɗanda aka ji da garuruwansu a littafi, na riƙa yi da ajami. Baba ya duba, ya juya littafin sama da ƙasa, ya ce, "Kai ɗan Modibbo, rubutunka baya-baya yake tafiya. Amma bar shi, in dai kai za ka iya karantawa."

Saura wata biyu wa'adina ya cika na kasa haƙuri. Wata Lahadi da safe, tsakiyar damina, mutanen gidan Baba duka suka tafi coci, Zira ya kwanta yana riƙe ciki wai murɗa masa yake. Suna ɓacewa ya warke, ya leƙo ta katanga ya yi mini fito. Muka shiga ɗakin muka kunna. Abin da ba mu duba ba shi ne, duk lokacin da hadari ya haɗu Baba yakan zare wayar eriya daga bayan na'ura ya jefa bakinta waje ta taga, saboda tsawa, kuma an kwana ana ruwa. Mun ji shuuu ɗin ya yi rauni, muka ce yanayi ne. Duk mai wannan harka ya san ba a danna makirfo eriya a zare, domin ƙarfin da ya kamata ya fita sama sai ya dawo ya ci na'urar. Mu ma mun sha jin haka. Amma zuciyata tana can Sudan. Na danna, na yi kira da lambar Baba, na sake yi, ina ƙara murya. Zira ne ya fara cewa, "Kai, me ke ƙauri?" Na leƙa ta ramukan murfi, na ga babbar kwalbar ta yi ja wur kamar garwashi, sannan ta mutu.

Ɓangaren saurare bai lalace ba, na magana ne ya tafi. Abin da ba mu sani ba kuma, a wannan makon wasiƙa ta zo wa Baba cewa amininsa ya rasu, wani da suka koyi aikin waya tare tun suna samari, mazaunin can wajen Jos. Yammacin wannan Lahadin ne za a yi masa kira uku, kuma Baba ne zai kira. Ya dawo daga coci, ya ci abinci, ya sa farar rigarsa. Bayan la'asar ya mayar da eriya, ya kunna, ya danna, allurar da ke nuna ƙarfin murya ba ta motsa ba. Ya shinshina. Ya buɗe murfi ya duba, ya mayar. Ya zauna. Muka ji su a iska suna neman sa, wannan ya kira, wancan ya kira. "Mubi, kana ina? Kai muke jira." Sun daɗe suna jira. Daga baya wani da bai san mamacin sosai ba ya karɓi kiran. Sau uku, da shiru a tsakani. Ina kallon Baba, leɓɓansa suna motsi tare da mai kiran, babban yatsansa yana kan makirfon da ba ya aiki. Da aka rufe sai ya kashe na'ura.

"Wa ya danna?"

"Ni ne, Baba," in ji Zira.

"Ƙarya kake. Kai ciwon ciki ne aikinka." Ya juyo gare ni.

Na ce ni ne. Na so ya ɗauko bulala, da ta fi mini sauƙi. Sai ya ce, "Damina ɗaya bai ishe ka ba. Ka ƙara ɗaya." Ya tashi ya fita, ya zauna a gindin tsamiya har aka kira magariba. Sabuwar kwalba ba ta iso ba sai bayan an cire gyaɗa, a cikin gwangwani, naɗe da auduga. Ni kuwa na ƙara shekara a kan buhu, kuma tun daga ranar ban taɓa kunna na'ura ba sai na kai hannu baya na taɓa eriya, ko da ni na ɗaura ta da safe.

Shekarun da suka biyo baya su nake kira ƙuruciyata, ko da yake a cikinsu na yi aure na haifi 'ya'ya. Na ci jarrabawa na sami lambata, Zira ma ya sami tasa. Na haɗa na'urata daga tarkacen da Baba ya ba ni. Muka ƙaru har muka kai bakwai, da wani malamin makaranta a Mugulbu, da wani Bafulatani mai gyaran agogo, da wani ma'aikacin jinya, da wani direban babbar mota da ba ya zama wuri ɗaya. Idan ka yi magana da mutum a wata ƙasa yakan aiko maka da kati ta gidan waya, shaidar cewa kun ji juna, wani katin sai ya yi wata biyar a hanya. A lokacin jira ba abin haushi ba ne, cikin daɗin yake. Ina da su cike da akwatin ƙarfe, masu hoton dusar ƙanƙara, masu hoton jiragen ruwa, a bayan kowanne na rubuta da ajami abin da muka tattauna. Yawanci ba wani abu ba ne. Ya ruwa a wajenku, wace irin eriya ka ɗaura, muryarka tana isowa sarai. Amma ka jefa murya sama ba ka san inda za ta faɗa ba, wani da bai san ka ba, ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba, ya ce ya ji ka, wannan abu ban taɓa sabawa da shi ba. Yakan tuna mini da ikon Allah, da ya shimfiɗa hanya a sararin sama tun kafin a haifi wanda zai gano ta.

Da Baba ya kwanta ciwon ajali ya aika aka kira ni. Zira yana zaune a bakin gado. Baba ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan ne zai kira ni. Shi ya hana ni kiran abokina, bari ya ji yadda yake da nauyi. Kai Zira ka yi shaida." Wannan ne kaɗai lokacin da ya sake tayar da maganar, kuma yana murmushi ya faɗa. Na kira shi. Na ji nauyin.

Sai wayar hannu ta shigo gari. Ban ƙi ta ba, tana aljihuna, da ita nake jin 'ya'yana da suke Yola da Abuja. Amma ta zo ta same mu mun manyanta, kuma ba wanda ya biyo bayanmu. Mai gyaran agogo ya tafi, muka kira shi. Malamin Mugulbu ya tafi, muka kira shi. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo aka watse daga garin nan kowa ya yi ta kansa, na naɗe na'urata da leda da buhu na tura ta ƙarƙashin dawa a rumbu, na bi mutane muka hau duwatsu. Da muka dawo dawar babu, na'urar tana nan. Wanda ya kwashe hatsin bai ga amfaninta ba. Ma'aikacin jinya da direba ba su dawo Mubi ba, can suka rasu inda suka yi gudun hijira, labari ya iso mu daga baya. Haka muka rage, ni a unguwar Nassarawo a cikin Mubi, Zira a gonarsa a Mayo Bani. Uwargidana ma Allah ya yi mata rasuwa, gidan ya yi mini faɗi.

Tafiyar da ke tsakanina da Zira ba ta kai a yi mata guzuri ba, kuma kowannenmu yana da lambar wayar ɗan'uwansa. Amma Lahadi bayan la'asar sai a iska.

"Mai ƙona kwalba, kana ji na?"

"Ina jin ka, mai ciwon cikin Lahadi. Jam na? Lafiya dai?"

"Jam. Ka taɓa eriya kuwa?"

"Na taɓa. Kai ka je coci yau, ko cikin ya murɗa?"

Daga nan sai maganar ruwa, sai maganar taki, sai wa ya haihu, wa ya rasu. Da kunnensa ya fara nauyi nakan ji muryar 'yarsa Saratu a bayansa, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta tana koyarwa a firamaren ƙauyen. "Baba, Bappa tambaya yake ko an gama shuka." Bappa take ce mini, wato baffa. Ita ke jona masa batir a sola, ita ke rubuta masa littafi da idonsa ya raunana. Nakan ce a gaishe ta, shi ke nan. Yadda ake jin kukan kaza a bayan mai magana, haka na riƙa jin ta.

Ba wai na zauna ban nemi magada ba. Na je layin masu gyaran waya a kasuwa, na ce samarin nan sun san dalma, hannunsu ba ya rawa, su ne suka dace. Kowa ya ce zai zo, ba wanda ya zo. Na gayyaci ɗaliban da suke haya a unguwarmu. Su sun zo, su biyar, da ladabi, suka cire takalma a ƙofa. Na dafa shayi. Na fito da akwatin katuna, na fara tun daga tsamiyar Baba, ban tsaya ba har shayin ya huce. Yanzu da nake tunawa, ban tambayi ko ɗayansu sunan garinsu ba. Da na kunna kuma aka yi rashin sa'a iska ta rufe, shuuu kawai.

"Baba, ana tura hoto da shi?"

"Da irin wannan dai ba a turawa."

"To wa kake kira?"

"Duk wanda ya ji."

"In ba wanda ya ji fa?"

"Sai ka jira."

Suka dubi juna. Ɗayansu ya ciro wayarsa ya ce yanzu-yanzu zai kira mini yayansa a Saudiyya in gan shi ido da ido. Ya kuwa kira, na gan shi, muka gaisa. Na so in gaya musu cewa wayar aljihu tana kai ka ne ga wanda ka riga ka sani, kuma ranar da aka ɗauke sabis, kamar yadda aka taɓa ɗauke mana, ba abin da za ta yi maka sai haska hanya. Na so in ce wannan wayar da ke kan gora ba kamfani a tsakani, daga kai sai Wanda ya halicci sama. Amma na riga na ƙarar da kunnensu a kan surutu. Suka ɗauki hoto da ni da na'urar, suka yi godiya. Ɗaya ya dawo sau uku, har na fara sa rai, sai na gaya masa dokar damina zuwa damina. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kafin nan ai na gama makaranta na tafi." Gaskiya ya faɗa, ya kuma tafi.

Na ba Zira labari a iska. Ya ce, "Bar su, ɗan Modibbo. Ni dai na gaya maka, ni zan riga ka. Ka kira ni ko ba shaida."

"Wa ya ba ka wannan tabbaci? Rai a hannun Allah yake."

"Na girme ka da wata uku. A bi layi."

Na ji Saratu a baya tana cewa, "Baba, ka daina irin wannan magana," shi kuma yana ta dariya.

Layin aka bi. Bayan an cire gyaɗa, wata Talata da hantsi, wayar aljihuna ta yi ƙara. Saratu ce, kuma tun daga yadda ta yi sallama na gane. Na shiga mota na tafi Mayo Bani. Na zauna tare da mutanen cocinsu a ƙarƙashin rumfa, suna waƙoƙinsu ina jan carbina, ba wanda ya ga baƙon abu a ciki, duk sun san ni. Kafin in taso na leƙa ɗakinsa. An lulluɓe na'urar da zane, littafinsa a kai. Saratu ta rako ni har bakin hanya.

"Bappa, Lahadi za ka kunna?"

"Zan kunna, 'yata, ya bar mini wasiyya. Amma wa zai ji? Babu kowa."

Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai mota ta tsaya, na shiga.

Kwanakin da suka rage sun yi mini tsawo. Na yi ta neman wani a iska daga wasu garuruwa in roƙe shi ya tsaya mana ranar Lahadi, na sami wani Bature can nesa, muka kasa fahimtar juna kafin muryarsa ta nutse. Har na yi tunanin in kira maƙwabcina ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi kalmomin, sai na ji kunyar Baba. Shaida daga iska take zuwa.

Lahadi na yi la'asar a masallacin unguwa, na dawo, na sa farar riga. Gidan shiru, sai tattabarun maƙwabci a kan kwano. Na kai hannu baya na taɓa eriya. Na kunna, na saurara tukuna kamar yadda aka koya mini, ko akwai wani mai ƙaramar murya a wurin. Babu. Na danna na kira lambar Zira, wadda bakina ya fi sabawa da ita fiye da tawa. Na saki. Shuuu. Na ƙirga numfashi goma, na sake kira. A shiru na biyu sai na gan shi a kan katanga yana mini fito. A kira na uku muryata ta karye a tsakiyar lambar, sai da na sake ɗauko ta daga farko. Na saki makirfo na ɗora a cinya. Nan ne wurin mai shaida. Na zauna ina kallon allura, na san ba abin da zai zo, amma na kasa kai hannu in kashe, domin in na kashe lambar Zira za ta zauna a buɗe, ba mai rufe ta.

Allura ta motsa.

"Mun saurara tare da kai, Bappa. Bai amsa ba."

Daga na'urar Zira muryar take, na san ƙarar na'urar nan kamar yadda na san tarinsa. Ba ta yi gaggawa ba, ta bar shirun ya cika, ta faɗi kalmomin daidai. Na danna. Na ce wannan lamba ta huta, na roƙa wa iyalinsa haƙuri, na bar shi ga Ubangijin da ya halicce mu duka. Sannan na ce, "Saratu, ke ce?"

"Ni ce, Bappa."

"Kin taɓa eriya kafin ki danna?"

"Na taɓa. Sau biyu ma."

"Ba ki da lasisi, kin sani."

"Na sani. Shi ya sa ban faɗi komai ba sai abin da ake faɗa. Yanzu zan kashe." Amma ba ta saki makirfo ba, ina jin numfashinta. "Bappa, Kaka cewa ya yi damina zuwa damina. Ni damina goma sha ɗaya ke nan ina zaune a bayan Baba. Ina jin ka kana ba shi labarin yadda ka je kasuwa neman samari. Na ce ko wata rana za ka tambaye ni."

Ni da aka ƙara wa shekara guda don in koyi jin ƙaramar murya, ga wata a kunnena duk Lahadi ina magana a kanta. Na ce ta zo ranar Asabar da littafin mahaifinta.

Tana zuwa yanzu kowace Asabar a motar kasuwa, muna bitar abin da ake tambaya a jarrabawa. Ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba, ni kuma na fi ta sanin lokacin da ake samun Sudan. Ba ta koma ga makirfo ba, ta ce sai takardarta ta fito. Don haka ranar Lahadi har yanzu ni kaɗai nake magana, sai dai na san akwai kunne a Mayo Bani. Gidan bai rage faɗi ba, kuma ba wanda yake ce mini mai ƙona kwalba. Asabar ɗin da ta wuce ta ɗauki littafina tana juyawa, ta ce ita wannan rubutu ya fi ƙarfinta. Na yagi takarda na rubuta mata wasu haruffa da lambobi da boko, da hannuna da yake karkacewa in ya taso daga hagu.

"Wannan ai lambarka ce, Bappa. Na san ta."

"Na san kin sani. Ki ajiye dai."

Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ninke ta, ta sa a tsakiyar littafin mahaifinta.

"Sau uku," ta ce. "To ni wa zai yi mini shaida?"

"Wannan kuma sai ki fara nema tun yanzu. Amma kafin ki je kasuwa, ki waiwaya ki ga wa ke zaune a bayanki."

Aka kira la'asar. Na ɗauki buta na fita, na bar ta da hannu a kan maɓalli, tana murɗawa a hankali.